Rasuwar Shamuwa, Odinatar Mushe Yunusa, a Sararin Tafkin Chadi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, da idanun da ba su bushe ba tun ranar Talata, Mushe Yunusa na unguwar Birni, tsohon malamin labarin ƙasa a kwaleji, wanda kowa ke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, a madadin kansa da maiɗakinsa Hajja Zara, yana sanar da ƴan'uwa da abokan arziki na Damagaram da kewaye rasuwar odinatarsa, wato kwamfutarsa, kuma abokiyar tafiyarsa, wadda aka fi sani da Shamuwa. Ta cika ne tsakanin azahar da la'asar, a zauren gidan, a kan teburinta, ko da yake a wajen Mushe lamarin ya faru ne a sararin samaniya, daidai saman Tafkin Chadi. Iyalan sun karɓi ruwayoyin biyu duka.

Marigayiyar ba haifaffiyar garin nan ba ce. Ta zo ne cikin kwali tare da wani furoje na haƙar rijiyoyi, ta yi ƙuruciyarta a biro, wato ofis, tana buga takardun da ba wanda ya karanta. Da furojen ya tattara ya koma inda ya fito, aka bar ta a kusurwa ƙarƙashin tsofaffin kalandu, har ranar da Mushe, wanda bai daɗe da yin ritaya ba, ya ɗauko ta a bayan kabu-kabu. Niyyarsa a lokacin ya rubuta tarihin kakanninsa da suka zo daga Barno. Ya rubuta bismilla da sunan littafin. Sai ɗiyarsa Husaina ta zo hutu daga Yamai da simulatar, wato abin nan da ake tuƙa jirgin sama da shi ana zaune a ɗaki, a cikin kile, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa odinatar, ta sa masa don ya rage zaman shiru. Tarihin kakanni yana nan inda aka bar shi.

Ya kamata jama'a su sani, don su gane girman rashin, cewa Mushe Yunusa bai taɓa shiga jirgin sama ba. Ya koya wa ƴaƴan mutane kogunan duniya da duwatsunta a kan taswirar da gara ta cinye mata rabin Asiya, amma shi kansa iyakarsa Yamai, a mota, da buhun wani a kan ƙafarsa. Shamuwa ce ta fara ɗaga shi daga ƙasa. Ta kai shi Alƙahira kafin karin kumallo, ta kai shi ƙasashen ƙanƙara yana sanye da shimi. Saboda ita ya samo kujerar tsohuwar mota ya kafa a zaure, ya sayi maneti na tuƙi, ya kuma sa mai walda ya mai da abin takawa na keken ɗinkin Hajja ya zama fedal, alhali Hajja tana gidan biki.

Waɗanda suka zauna da ita sun shaide ta da haƙuri. In Mushe ya dawo daga masallaci da safe ya taɓa ta, takan ce "ƙiit", ta yi shiru kamar dattijuwa mai laluben takalmi, sannan ta fara "guuuu", wanda maƙwabta suka daɗe suna zaton injin markaɗe ne, har wata baiwar Allah ta taɓa aiko da wake. In wuta ta ɗauke suna tsakiyar teku, ba ta riƙe kowa a zuciya. Wuta na dawowa za ta mai da shi filin jirgin Damagaram su sake daga farko. Zafin bazara kuwa da cikinta a buɗe take shan sa, don an daɗe da cire mata murfin gefe, aka girke mata fanka tana hura mata kai tsaye. Kowa a gidan ya san fankar nan ita ce ranta.

Ba ta da yawan magana, amma ƴan kalmominta sun zauna a kunnen mutanen gida. In jirgi ya doshi dutse, wata murya takan fito daga cikinta tana ihu da Ingilishi, abin da ake ji kamar "fulawa! fulawa!", Hajja kuma ta amsa daga madafa da cewa ta ƙare, sai an je kasuwa. In an zo sauka, takan ce "ritar, ritar", kalmar Faransanci mai nufin latti da shi kansa Mushe ya yi shekaru yana jifan ƴan makara da ita a ƙofar aji. Bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce ko wane malami da ranarsa.

Ba za a ba da tarihin marigayiyar a tsallake saɓanin da ya raba matuƙan jirgin zaune na garin nan gida biyu ba. Gidajen biyu su ne Mushe Yunusa da tsohon ɗalibinsa Lawali, mai shagon kayan waya a kasuwar Dole, don bayan su babu kowa. Lawali yana da sabuwar odinatar mai fitilu kamar motar amarya, yana kuma tuƙa wani simulatar da Mushe ya laƙaba wa suna Mai Kwalliya. Nasa kuma, wanda Shamuwa ta ɗauka har ta koma, ya sa masa Mai Gaskiya. Akwai na uku, na kyauta, da suke ce wa Na Sadaka. Shi kam sun gwada shi tare, suka yarda cewa sai mutumin da ba shi da iyali kuma ba shi da hawan jini.

"Mushe, da girmanka," in ji Lawali wata rana, "ni fa a nawa rufin gidanmu nake gani. Jiya na bi ta kan Zango, har inuwar dogon yaron ƙofar surukaina na gane."

"To da ka sauka ka gaishe su," Mushe ya ce. "Jirginka ba ya jin iska, Lawali. Katifa ce mai fuka-fuki. Ko akuya aka ba maneti za ta sauke shi lafiya. Nawa in ka yi masa raini, a gonar mutane zai zubar da kai."

"Na ji, Mushe. Amma a naka Damagaram ɗin ina take?"

Nan ne inda yake yi wa Mushe ciwo. A cikin Mai Gaskiya iska iska ce, nauyi nauyi ne, amma Damagaram tabarma ce aka shimfiɗa, aka dasa mata itatuwan ƙasar sanyi da gidaje masu jan rufi mai tsini, da wani kogi yana ratsa Sabon Gari, a garin da ake bin layi da jarka. A cikin Mai Kwalliya kuma ko wane lungu yana nan, sai dai duwatsun Birni kamar tuwon da ya kwana suke, in rezon intanet ya faɗi kuwa garin duka yakan narke kamar man shanu. Da gardama ta ƙi ƙarewa suka kai ƙara gaban Hajja Zara, wadda ita kaɗai a cikinsu ta taɓa shiga jirgi, shekarar da ta sauke farali.

Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce, "Ku duka ba ku kama hanya ba. A na gaske kunne yana toshewa, ƙafa tana kumbura, ga wata tsohuwa da ba ka sani ba ta riƙe maka hannu tana salati. A cikin naku wa ya taɓa kawo muku shinkafa a ɗan akwati?"

A ranar, karo na farko tun bayan Na Sadaka, malami da ɗalibi suka haɗu a kan magana ɗaya, cewa alƙaliyar ba ta fahimci ƙarar ba.

Daga nan ne Mushe ya shiga harkar kayan ƙari, abubuwan da ake saukowa da su daga intanet a ɗora wa simulatar, kuma daga nan ne jinyar marigayiyar ta soma. Ya ɗora mata gajimare mai bin yanayin ranar. Ya ɗora mata wani babban jirgi wanda ko wane maɓalli a cikinsa yana aiki, ta yadda tayar da inji kaɗai yakan kai mutum daga hantsi zuwa azahar. Ya ɗora mata fasinjoji masu tafi in an sauka lafiya, masu tsaki in an buga ƙasa. Ya samo filin jirgin Damagaram da wani mutumin kirki a wata ƙasa mai nisa ya zana ba tare da ya taɓa zuwa ba, wanda saboda kyautata zato ya jera raƙuma a bakin titin tashi. Duwatsun Birni kuwa da hannunsa ya dasa su, ɗaya bayan ɗaya. Ko wane ƙari aka yi, sai "guuuu" ɗin Shamuwa ya ƙara kauri, hoton ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon gwiwa.

Zakari mai gyara, wanda ya daɗe yana duba ta, ya yi gargaɗi. "Mushe, wannan baiwar Allah don buga wasiƙa aka yi ta. Kai kuma ka ɗora mata gajimaren duniya duka." Mushe ya ce ya ji, ya yi alkawarin ragewa, ya cire raƙumi ɗaya.

Ana cikin haka sai maganar Yakuba ta taso. Malam Yakuba na Dogo, manomin gero da gujiya, shi ne ya saukar da Mushe a gidansa lokacin da aka fara tura shi koyarwa ƙauye, yana saurayi marar ko tukunya, kuma tun sannan ba su rabu ba. Bana ƴaƴan Yakuba suka haɗu suka biya masa kujerar Makka. Mutumin da yake shiga rijiya ba igiya a ƙugu, yake kama maciji da hannu, sai ya ce shi ba zai shiga ƙarfen da ba ya taɓa ƙasa ba, a ba wani. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, liman ya sa baki, bai motsa ba. Ga shi an ce duk wanda bai tabbatar da tafiyarsa kafin ƙarshen mako ba, kujerarsa ta wuce. Matarsa Lami ta aiko wa Mushe cewa in yana da dabara ya fito da ita.

Mushe ya ce a kawo masa shi, zai kai shi Jidda daga zaure, ya ga komai da idonsa tun daga tashi har sauka. Lawali ya ce a yi a tasa odinatar, ta fi ƙarfi. Mushe ya ce mutumin da zai haɗu da iskar gaske ba a koya masa a kan katifa.

Ranar Talata Yakuba ya iso daga Dogo da fararen kaya da jakarsa a kulle, bayan ya yi sallama da Lami sun yafi juna. Aka zaunar da shi kusa da Mushe, aka ɗaure shi da rawani a madadin bel. Aka rufe ƙofar zaure don hoto ya fito sosai, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Lawali ya zauna a baya a matsayin mai ba da izinin tashi, Hajja ta karɓi aikin raba abinci. Shamuwa ta ce "ƙiit", ta ɗauki babban jirgin da gajimare da fasinjoji da duwatsu, ta yunƙura.

Yakuba ya rufe ido tun daga kan titi, yana karanta duk abin da ya haddace. Bai buɗe ba sai da Mushe ya ce ga Mirriya can ƙasa. Ya leƙa da ido ɗaya, ya leƙa da na biyu, ya ce, "To ina Dogo?"

Mushe ya karya kudu, abin da ba a yi a jirgin alhazai, ya kai shi saman Dogo. Babu komai a wurin sai fili da wata ƙatuwar saniya mai baƙi da fari, irin ta ƙasar Turawa.

"Mushe," in ji Yakuba, "wannan saniyar ta wane ce a cikin gonata?"

Aka ba shi haƙuri, aka miƙe gabas. Suka wuce Gure, suka doshi Difa, sai ga gajimaren ranar ya taso. Da yake kujerar zaure ba ta girgiza da kanta, Mushe ya waiwaya ya ce, "Lawali, girgiza." Lawali ya kama kujerar Yakuba ta baya ya yi aikinsa da gaskiya, kamar yadda aka koya masa a lakwal, wato makaranta. Gumi ya karyo wa Yakuba. Rigarsa ta manne, numfashinsa ya fara sama-sama, leɓɓansa suka yi fari. A daidai nan Hajja ta shigo da ƙwaryar fura, ta ga halin da baƙonta yake ciki, ta miƙa ƙafa ta juya fankar Shamuwa ta fuskanci Yakuba.

Mushe ya gani. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi cikin Shamuwa a buɗe ba iska, ya dubi fuskar amininsa. Lawali ya miƙa hannu zai mai da fankar inda take, Mushe ya ce, "Bar masa."

Ba a jima ba tafkin ya bayyana a ƙarƙashinsu. Yakuba, wanda iska ta fara dawo da shi hayyacinsa, ya ce a rage gudu ya ga ruwa. Mushe ya gyara murya zai nuna masa ta inda kakanninsa suka biyo. Sai "guuuu" ya koma "karrr". Hoton ya tsaya cak. Muryar nan ta ce "fula... fula...", ba ta ƙarasa ba. Wani ƙauri kamar na babbakar kan akuya ya cika zauren, siririn hayaƙi ya taso daga cikinta, ta ce "tas", gilashin ekaran ya yi baƙi.

Yakuba ya ce, "Mun iso?"

"Mun mutu, Yakuba."

"Dukanmu?"

"Har da fasinjoji."

Yakuba ya shafa ƙirjinsa, ya shafa gwiwoyinsa, ya karɓi furar daga hannun Hajja ya sha sosai. Ya ce abin da yake tsoro ke nan, ga shi ya faru, kuma shi dai yunwa yake ji. Lawali ya fashe da dariya, sannan ya haɗiye ta, don ya ga Mushe ya ɗora tafin hannu a kan marigayiyar duk da zafinta, hawaye na bin gemunsa.

Yakuba ya kwance rawanin da kansa, ya daɗe yana kallon amininsa. Sannan ya ce, "Na gan ka, Mushe. An juya fankar nan, ka ga an juya, ka ce a bar mini. In ban tafi ba, wannan baiwar Allah ta mutu a banza." Washegari da sassafe ya je ya tabbatar da kujerarsa.

An kira Zakari tun kafin la'asar. Bai ma fito da kayan aiki ba. Ya sunkuya ya shinshina, ya miƙe ya cire hularsa, ya ce ƙwaƙwalwar ta dahu. Iyalan suna so a sani cewa ba su ɗora wa kowa laifi ba, kuma sun yafe wa fankar.

Marigayiyar ta rasu ta bar ekaran, wanda tun ranar bai ce komai ba. Da maneti, da ɓeran dannawa mai ido ɗaya, da fedal, wanda Hajja ta riga ta nemi a mai da shi jikin keken ɗinki da zarar an share makoki. Ta bar kayan ƙari cike da kile, marayu, ba mai iya ɗaukar nauyinsu. Ta kuma bar fasinjoji cike da jirgi a saman tafki, ba su sauka ba, ba su yi tafi ba, ba su yi tsaki ba. Saboda su ne kaɗai, da kuma Yakuba da ya ce yana so ya ga yadda ake sauka, Mushe ya amince a ƙarasa tafiyar a gidan Lawali, cikin Mai Kwalliya. Yana roƙon jama'a su shaida cewa a matsayin fasinja zai je, kuma bai janye ko kalma ɗaya daga cikin abin da ya faɗa ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma bai ga inda aka hana mutum zuwa ya ce wa ɗan'uwansa sannu ba. Don haka ana karɓar gaisuwa a zauren da abin ya faru, daga hantsi zuwa azahar, har ranar Juma'a. Za a bar ƙofa a buɗe. Ana roƙon masu zuwa kada su ce "ai wasa ne", kada kuma su tambayi ko an gwada kashe ta a sake kunnawa, don an gwada. Masu zuwa daga Garagumsa da Zermu kada su wahalar da kansu, saƙo ya isa. Lawali yana da izinin zama cikin iyalai, bisa sharaɗin ba zai ambaci rufin gidansu ba.

Kayan cikinta da suka tsira, Zakari zai raba wa odinatocin da ke jinya a shagonsa, sadaka. Gangar jikin kuma za a ɗauke ta ranar Asabar daga tasha zuwa Dogo, bisa roƙon Lami, wadda ta ce akwatin daidai yake da abin da take nema. Za a kwantar da ita a gefe ƙarƙashin rumbu, a shimfiɗa mata ciyawa, in damina ta faɗi a sa kaza ta kwanta a ciki a kan ƙwan zabi. Da farko Mushe ya ƙi, ya ce wadda ta ratsa teku ba za ta ƙare a akurki ba. Daga baya ya kira Yakuba gefe ya tambaye shi, a hankali, ko zabin Dogo suna tashi.

"Suna tashi, Mushe. Daga ƙasa zuwa kan rumbu. In kare ya biyo su, har kan gawo."

Mushe ya ce hakan ma ya isa, a dai aiko masa ranar da na farko zai tashi, ya zo ya tsaya a gefe.

Mota za ta bar tasha da zarar ta cika. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kai Malam Yakuba lafiya ya dawo da shi lafiya, ya kuma sa ƙwai su ƙyanƙyashe.